A Koya Mana Iyo

A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, baƙi sukan biya kuɗi su sa gilashin ido da ɗan bututun numfashi, su kifa ciki bisa teku suna kallon kifaye iri-iri, wani lokaci har da kifin shak. Mu kuwa a Wudil ga kogi a ƙofar gida, amma tarwaɗa da karfasa sai a kwanon miya muke ganinsu.

Dokar makarantarmu ita ce, wanda duk aka kama a bakin kogi sai bulala. Ban ga laifin malamai ba, domin ramukan da masu ɗibar yashi ke bari mugun tarko ne. To, amma bulalar ta hana? Ran Juma'a, ana tsakiyar cin kasuwa, na sha ganin 'yan ajinmu sun sulale ƙarƙashin gada, alhali ba wanda ya iya iyo. Kada mu manta, a 2021 kwalekwale ya kife a Bagwai, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya.

Ni dai a ganina, gara iyayenmu su roƙi hukumar makaranta ta ɗauko masunta biyu, su riƙa koya mana iyo kowace Asabar da rani, inda ruwa bai wuce ƙugu ba.