RA'AYINMU: Ranar Wanka Ba A Ɓoye Cibi

Yau muna so mu taɓo wani zance wanda jama'armu ba su cika son a ta da shi a fili ba, amma kuwa shirun da ake yi a kansa yana cin rayukan iyayenmu mata da matanmu. Zancen shi ne ciwon dajin nono, wanda waɗansu ke kira sankarar mama, da kuma hoton da ake ɗauka a asibiti don a gano shi tun bai yi ƙarfi ba. Sunan hoton nan mamogiram.

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, kimanin dubu 670 kuma suka rasu ta dalilinsa. A nan Nijeriya, a wannan shekarar dai, an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura dubu 30, waɗanda suka rasu kuwa sun kai wajen rabin wannan adadi. Babu wani ciwon daji da ya kai shi yawa a tsakanin matan ƙasar nan. Babban abin baƙin ciki shi ne, yawancinsu ba sa isa gaban likita sai ciwo ya riga ya ci jiki, alhali in an kama shi da wuri, galibi ana warkewa.

Mu da ke zaune a Kudu ba mu da uzurin nisan asibiti. Mutanenmu na Idi-Araba maƙwabtan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ne, na Sabon Ibadan kuma ga babban asibitin jami'a nan kusa da su. Abin da ke hana matanmu zuwa abu uku ne: kunya, da rashin jin harshen ma'aikata, da tsoron abin da ba a sani ba. Tun da yake rashin sani ya fi dare duhu, bari mu bayyana abin da mace za ta tarar in ta je.

Da fari, a zaɓi rana. Ga wadda take ganin al'ada, ya fi kyau ta je kamar mako guda bayan ta yi wanka, domin a lokacin nono ba ya yawan tsami. Ran tafiya ta yi wanka da sabulu kawai. Kada ta shafa hoda, ko mai, ko humra, ko turaren hana warin jiki a hammata da ƙirji, saboda burbushinsu kan fito a hoto kamar ɗige-ɗigen ciwo, ya ruɗa likita. Ta sa riga da zane maimakon doguwar riga, tun da rigar sama kaɗai za ta tuɓe, a ba ta ta asibiti ta yafa. In ta taɓa yin hoton a wani wuri, ko da a Kano ne ko Sakkwato, ta zo da shi, don gwada sabo da tsoho yana taimakon likita ƙwarai.

Bayan an yanki kati, za a yi mata 'yan tambayoyi: shekarunta, da haihuwa nawa ta yi, ko ta ji wani ƙullutu, ko wani ruwa ko jini na fita daga kan nono, ko uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yin ciwon. A nan ba wurin kara ba ne. In tana da juna biyu, ko tana tsammani, ko tana shayarwa, lalle ta faɗa tun kafin a fara.

Ɗakin hoton a rufe yake, kuma bisa yawanci mace ce ke ɗauka. Wadda ta tarar da namiji tana da ikon ta roƙi a ba ta mace, ko a sa mata wata rana. Za ta tsaya a gaban na'ura, ma'aikaciya ta aza nono ɗaya a kan faranti, wani farantin roba ya sauko ya matse shi. Ba za mu ɓoye muku ba, matsin nan ba daɗi, waɗansu ma har zafi suke ji. Amma daƙiƙoƙi kaɗan ne ake saki, kuma da dalili ake yinsa: in an baje naman, hoto ya fi fita sosai, hasken da ake buƙata kuma ya ragu. Akan ɗauki hoto biyu a kowane gefe, ɗaya daga sama, ɗaya a karkace har ya haɗa da hammata, huɗu ke nan. Ba allura, ba yanka, ba kwanciya. Cikin minti 20 zuwa 30 an gama, ta koma gida ta ci gaba da hidimarta.

Muna jin raɗe-raɗin da ake yi a gidajen biki, wai hoton ne ke jawo ciwon, ko wai matsin ne ke watsa shi a jiki. Wannan ba gaskiya ba ne. Hasken irin na hoton ƙashi ne da aka saba ɗauka, kuma ɗan kaɗan ne, bai wuce abin da jikin mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin wata biyu ba.

Ba a nan take ake faɗin sakamako ba, sai likitan hoto ya duba, saboda haka a tambayi ranar da za a dawo, kuma a dawo. In an ce ana son ƙarin hoto, ko a duba da sikanin irin na masu ciki, kada hankali ya tashi. Mafi yawan waɗanda ake sake kira ba a samun daji a jikinsu. Ko an kai ga tsakurar ɗan nama da allura a kai ɗakin bincike, wannan ma ba hukunci ba ne tukuna. Kuskuren da muke yawan gani shi ne, da an ji haka sai a ɗauki mace a sa a mota a nufi gida Arewa, a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, sai abu ya fashe a dawo asibiti. Watannin nan da aka ɓatar su ne tazarar da ke tsakanin warkewa da rasa rai.

Wa ya kamata ta yi hoton? Likitoci da yawa suna ba da shawara mace ta fara daga shekara 40, ta riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, ko da ba ta jin komai, domin amfanin hoton shi ne ya ga abin da hannu bai isa ji ba. Wadda ciwon ke cikin danginta ta nemi shawarar likita tun kafin nan. Amma a lura, hoto ba ya ganin komai da komai. Duk wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga fata ta canza, ko kan nono ya shige ciki, ta je asibiti a makon nan, ko shekarunta nawa, ko da hotonta na baya ya fita lafiya.

Akwai misali a nan Kudu. Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu, matar tsohon gwamnan Jihar Ondo, an same ta da ciwon a 1997, aka yi mata aiki a Ibadan, ta warke, har ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a kan wannan ciwo. Bayan shekara 20, a 2017, ta zama uwargidan gwamna. 

Saboda haka kiranmu na farko ga magidanta ne. Malam, kai da ke fita tun asuba zuwa kara ko kasuwar Mile 12, izini da kuɗin mota da na hoto duk a hannunka suke. Ka aika a tambayo kuɗin, da ko na'urar tana aiki, kada a yi tafiyar banza. Kuɗin hoto komai yawansa bai kama ƙafar kuɗin jinyar ciwon da ya yi nisa ba. Ka haɗa ta da wata babbar mace mai jin Turanci ko Yarabanci, kada ka haɗa ta da ɗanta namiji a matsayin tafinta, don ba za ta iya buɗe baki a gabansa ba.

Kira na biyu ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin mata na unguwanninmu. Watan Oktoba shi ne watan faɗakarwa a kan wannan ciwo a duniya, kuma a cikinsa waɗansu asibitoci da ƙungiyoyi kan rage kuɗi ko su yi kyauta. A nemi labari da wuri, a tara mata rukuni-rukuni a kai su. Su kuma hukumomin asibitocin da ke maƙwabtaka da mu, muna roƙon su tanadi mace mai jin Hausa a sashen hoto.

Kunya ado ce, ba mu musa ba, amma ba a gaban mai magani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu lafiya lafiya, amin.