Ɗaukaka ƙara a shari'ar 'yan fashi: inda hukunci ke rushewa

A watan Satumban 2024 Babbar Kotun Jihar Kwara ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa kan fashin bankunan Offa na 5 ga Afrilun 2018, wanda ya ci rayukan mutane fiye da 30, har da 'yan sanda. Irin wannan hukunci ba ya ƙarewa a ranar da aka yanke shi, domin doka ta ba wanda aka kama da laifi kwana 90 ya garzaya Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Sai dai kotun ba ta sake sauraron shaidu daga farko. Kundin shari'ar take dubawa, kuma kuskuren alƙali kaɗai bai isa ba, sai an nuna cewa ya jawo tauye adalci. Ko jinkirin yanke hukunci fiye da kwana 90 da sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya hana, ba ya soke shari'a sai da wannan sharaɗi.

A shari'o'in gungun masu laifi, rauni ya fi yawa a takardar amsa laifi. Shaidu na tsoron ramuwar gayya, don haka masu gabatar da ƙara kan dogara da abin da wanda ake tuhuma ya faɗa a ofishin 'yan sanda, shi kuma ya ce azaba ce ta sa shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi ɗaukar bayanin a bidiyo ko a gaban lauya, kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Charles da Jihar Legas ta 2023, ta ɗauki makamancin tanadin a dokar Legas a matsayin wajibi. Ma'ana, sakacin jami'in bincike guda na iya sakin wanda ya kashe rai. Wannan ya kamata ya dami Ma'aikatar Shari'a da hedikwatar 'yan sanda fiye da kowa.

Ta fuskar hukunci kuwa ƙofa a ƙuntace take, tunda kisa wajibi ne a fashi da makami. Abin da ya rage wa lauya shi ne ya nuna ba a tabbatar da makami ba, ko cewa mai laifin bai kai shekara 18 ba lokacin aikatawa.

Kuma muddin ƙara na gaban kotu, ba a zartar da kisa. A 1986 Kotun Ƙoli ta kama Jihar Oyo da laifin kashe Nasiru Bello tun ba a saurari ƙararsa ba.