DAGA SITUDIYO: Kafin ka sayi wufa, fara auna ɗakin ka

A wannan watan ba daga Titin Zoo na ɗauko maku labari ba, daga Tudun Kaya na ɗauko shi, can cikin ƙaramar hukumar Ƙaraye, inda ƙanen wani abokina ya buɗe ɗan situdiyo a shagon sa na ƙofar gida.

Yaron nan Allah ya ba shi murya, kuma hannun sa ya faɗa a fiyano. Babban burin sa shi ne wata rana ya ji waƙar sa a cikin fim. Da kaka ta yi sai ya sayar da masarar da ya noma, ya shigo Kano kasuwar Sabon Gari ya sayo ƙatuwar wufa, ya kai ta kusurwar ɗaki ya girke. Ya yi sati biyu ya na haɗa waƙa guda, sannan ya tura wa wani furodusa ta WhatsApp. Furodusan ya saurara a mota, ya aiko masa da amsa a taƙaice: murya ta yi, amma kiɗan ba nauyi, kamar ana buga gwangwani.

Da na je na tarar da shi duk ya yi sanyi. Ya ce da ni, "Yaya, wallahi in na kunna waƙar nan har kwanon ɗaki ke girgiza. Ta yaya za a ce babu bes?"

Na ce masa, "Ai girgizar kwanon nan ita ta cuce ka."

Ga abin da ya faru. Wufa, ko sabwufa a cikakken sunan ta, sifika ce da aikin ta kawai fitar da bes, wato kaurin sautin nan mai dum-dum da ka ke ji a ƙirji. Idan aka ajiye ta a kusurwa, bango biyu da daɓe su na taruwa su ninka ƙarfin ta. Shi kuma da ya ji bes ya cika ɗaki, sai ya dinga rage shi a cikin FL Studio har ya ji ya daidaita. A ɗakin sa waƙa ta yi daidai, amma da ta fita waje sai ga ta fayau. Wato ɗakin ne ya yi masa ƙarya, ya kuma yarda.

A da can wannan ba matsala ba ce sosai. Zamanin da fiyanon Yamaha ya shigo harkar fim, lokacin su situdiyon Iyan-Tama da fim ɗin Sangaya na 1999, a kaset ɗin bidiyo ake kallo, sautin kuma ta 'yar sifikar talabijin ya ke fita, wadda ko an zuba bes ba za ta iya ɗauka ba. Yanzu kuwa waƙa ɗaya za a ji ta a waya, a ji ta a adaidaita sahu, a ji ta a manyan sifikun DJ a gidan biki. In bes ɗin ka bai zauna ba, a ɗaya daga cikin wuraren nan asirin ka zai tonu.

To wace iri za ka saya?

Na farko, tambayi kan ka ko ka na buƙatar ta ma. Ana auna kaurin sauti da Hz, wato sau nawa ya ke kaɗawa a daƙiƙa guda, kuma kunnen ɗan'adam ya na fara ji ne daga wajen 20 Hz. Sifikar situdiyo da ake kira monita, irin Yamaha HS5 mai inci 5, ta na sauka zuwa 54 Hz, babbar yayar ta HS8 kuma zuwa 38 Hz. Mai HS8 a ƙaramin ɗaki zai iya aikin sa lafiya lau ba wufa. Mai ƙananan monita shi ne zai amfana da ita.

Na biyu, kada girma ya ruɗe ka. A ɗaki irin namu inci 8 ko 10 ta wadatar. HS8S ta Yamaha inci 8 ce kacal, wat 150, amma ta na sauka har 22 Hz. Mai inci 15 ko 18 ta filin biki ce, a shago ba abin da za ta ƙara maka sai ciwon kai.

Na uku, ka kula da lambobin da ke jikin kwali. In ka ga an rubuta dubban wat tare da PMPO, wannan talla ce kawai. Lambar RMS ita ce ta gaskiya. Sannan ka nemi mai amfilifaya a cikin ta, kuma ka juya bayan ta ka tabbata akwai maɓallin ƙara, da na Crossover ko High Cut, da na Phase. Wufar da ba ta da waɗannan ta falo ce, an yi ta don ta zaƙaƙa kiɗa, ba don ta gaya maka gaskiya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: ina za a ajiye ta?

Na sa yaron ya ɗauko tef mu ka auna shagon. Ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, irin ɗakin da magina su ka fi yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Ƙafa 12 kuwa mita 3.66 ce. In ka ninka ta biyu ka raba 343 da abin da ya fito, za ka samu kusan 47. Ma'ana, duk sautin da ya kai wajen 47 Hz zai dinga kai-komo tsakanin bango da bango ya na taruwa. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar ta zama biyu a wuri guda. A jikin bango za ka ji bes ɗin ya yi yawa, a tsakiyar ɗaki kuma sai ka neme shi ka rasa. Don haka kada ka sa kujerar ka a tsakiya cif, kada kuma ka jingina ta da bangon baya. Ka matso gaba, kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin daga bangon da ka ke fuskanta.

Daga nan sai dabarar rarrafe, wadda ta sa yaran unguwa su ka taru a taga su na mana dariya. Ka ɗauki wufar ka ɗora a kan kujerar da ka ke zama. Ka kunna waƙar da ka haddace kiɗan ta, wadda aka haɗa a babban situdiyo. Sai ka durƙusa ka bi gindin bangon gaba da na gefe da rarrafe, kunnen ka kusa da ƙasa. Wani wurin za ka ji gurnani kawai, wani wurin shiru. Inda ka ji kowane bugu ya fito rarrabe, ba wanda ya danne wani, ka sa alli ka yi alama. Nan ne gidan wufar ka. Mu dai mun samu namu a gaba, ɗan nesa da kusurwa, tsakanin monita biyun amma ba a tsakiya daidai ba.

Sai saiti. Ka fara ajiye Crossover a 80 Hz, don wufa ta riƙe ƙasa, monita su riƙe sama. Maɓallin Phase kuma 0 ne da 180: ka zauna a kujera wani ya dinga juya maka, wanda bes ya fi cika a kai shi za ka bari. Ƙara kuwa daga ƙasa ake farawa. In har ka rufe ido ka na iya nuna inda wufar ta ke, to ta yi yawa, rage.

Kwalin ƙwai da ku ke mannawa a bango fa? Ku yi haƙuri, ba ya taɓa bes ko kaɗan. Abu mai kauri bes ke so, kamar tsohuwar katifa a naɗe a tsayar a kusurwa. Ka kuma bi taga da silin da ƙofar ƙarfe ka toshe duk abin da ke karkarwa.

Kada mu manta da wuta. Lantarkin Nijeriya a 50 Hz ya ke tafiya, daidai cikin hurumin wufa, kuma dab da 47 ɗin nan na ɗaki. Shi ya sa in waya ba ta da kyau za ka ji "huuum" ba ƙaƙƙautawa. Ka yi amfani da wayar XLR ko TRS, ka jona duk kayan a soket guda, ka sa sitabilaiza, janareto kuma a kai shi nesa. Sannan bes ba ya jin bango, ratsawa ya ke yi. In an kira sallah ko dare ya yi, a rage, don haƙƙin maƙwabci ya fi waƙa.

Abu na ƙarshe, in ka gama haɗawa ka saurara a waya, a 'yar sifikar Bluetooth, da mota in da hali. Yawancin masoyan ka a waya za su ji ka.

Kafin magariba yaron ya sake haɗa waƙar. Kwano bai girgiza ba, amma da mu ka sa a motar da za ta maido ni Kano, sai direba ya waiwayo ya ce, "Malam, wannan ta wane ce?" Ya sake tura wa furodusa, mu na jiran amsa. Allah ya sa a dace.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.