Lambar nan da ke jikin kwalbar sirop

Uwargida, ki ɗauko kwalbar maganin zazzaɓin yaronki ki juya ta. Kin ga lambar NAFDAC ɗin nan? Ba haka kawai aka fara buga ta ba.

A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha sirop ɗin farasitamol da aka haɗa da diethylene glycol, sinadarin da ake sakawa a man burkin mota, wanda ke kashe ƙoda. Wannan masifa na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 a 1993. Duk da haka, a ƙarshen 2008 aka maimaita da maganin haƙorin jarirai My Pikin, yara aƙalla 84 suka tafi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, doka ba ta faɗin komai dalla-dalla. Ita dai ta ba hukumar iko. Hukumar ce ke zama ta rubuta ƙa'idoji: me za a rubuta a jikin kwali, wane sinadari aka haramta, yadda za a tallata madarar jarirai. Takan sa daftarin a shafinta don jama'a su tofa albarkacin bakinsu, ministan lafiya ya amince, sannan ya fito a jaridar gwamnati. To, wa kike jin yake tofawa? Kamfanoni ne da lauyoyinsu. Mu muna kicin.

Amma fa zancen yana da wani gefe, kuma ba zan ɓoye miki ba. Maƙwabciyata tana yin yajin daddawa da ya fi na kanti. Manyan shaguna sun ƙi karɓa sai da lamba, lamba kuwa sai da rajistar sana'a, ɗaki na musamman, dubawa da kuɗi. Ita idan ta ji ana cewa a sassauta ƙa'idoji, amin take cewa da ƙarfi. Ban ga laifinta ba, da yajin take biyan kuɗin makaranta.

Ni dai a ganina, a sauƙaƙa wa mai yaji da mai dambu, a matse wa mai sirop. Haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Abin da nake tsoro shi ne, da sunan mai yaji ake neman sassauci, amma mai masana'anta ke fara cin moriyarsa.

Kafin nan, ki riƙa duba lamba da ranar lalacewa. Idan maganin maleriya ne mai wurin kankarewa, ki kankare ki tura saƙon kafin ki bar kemis, ko da mai shagon ya ɓata rai.

Masu sana'a a cikinku da kuka nemi rajista, wata nawa ta ɗauke ku, kuma a ina aka fi wahalar da ku?