Ƙuri'un da Suka Kwana a Gida: Darasin Zaɓen 2023 ga Ikara, Maƙarfi da Kudan

A zaɓen gwamna da aka yi a Jihar Kaduna ran 18 ga watan Maris, 2023, jihar ta ga tazara mafi ƙanƙanta da jama'a da yawa suka taɓa gani. Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta bayyana Sanata Uba Sani na jam'iyyar APC da ƙuri'u 730,002, shi kuwa Alhaji Isa Ashiru na jam'iyyar PDP, ɗan asalin Kudan, ya sami 719,196. Watau tazarar da ke tsakaninsu ƙuri'u 10,806 ce kacal, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan sakamako a watan Janairu, 2024.

Abin lura a nan shi ne, mutum 4,335,208 ne ke cikin rajistar masu zaɓe a jihar a 2023, amma fiye da miliyan biyu da rabi daga cikinsu ba su jefa ƙuri'a ba. Jihar tana da rumfunan zaɓe 8,012. In aka raba waccan tazara ga rumfunan, za a tarar ba ta kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Ashe ke nan magidanci da matarsa da suka zauna a gida a ƙauye irin Furana suna da nauyi a kan wanda zai mulki jihar shekara huɗu, ko wane ne suke so daga cikin 'yan takaran.

Ba baƙin siyasa ba ne

Mutanen wannan yanki ba baƙin siyasa ba ne. Daga Maƙarfi Alhaji Ahmed Mohammed Maƙarfi ya fito, wanda ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007. A zaɓen 2023 kuwa, 'yan takara biyu ƙasar Kudan ta fitar, domin ban da Alhaji Isa Ashiru akwai Sanata Suleiman Hunƙuyi na jam'iyyar NNPP. Tun a 1979 ma, lokacin da Katsina ke cikin jihar, ƙuri'ar talakawa ce ta ɗora Alhaji Balarabe Musa na PRP a kan kujerar gwamna, alhali NPN ce ke da rinjaye a Majalisar Dokoki. Matan Arewa kuma ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta sha ɗauri a kan wannan haƙƙi.

Duk da haka, fitowar jama'a sai raguwa take yi a ƙasa baki ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kashi 69 cikin ɗari suka fito. A 2015 ya koma wajen kashi 44, a 2019 wajen kashi 35, a 2023 kuwa bai wuce kashi 27 ba. Gaskiya ne cewa na'urar tantance masu zaɓe ta rage aringizon da ake yi a da, kuma rajistar tana ɗauke da sunayen mamata da ba a goge ba. Amma wannan bai isa bayani ba, domin mutum miliyan 87 ne suka karɓi katinsu kafin zaɓen 2023, waɗanda suka yi amfani da shi kuwa ba su haura miliyan 25 ba.

Abubuwan da ke hana fita

Dalili na farko a wannan yanki shi ne lokacin da ake zaɓen. Watannin Fabrairu da Maris tsakiyar rani ne, lokacin da samari da magidanta ke tafiya cin rani Legas, Abuja da Fatakwal, wasu da rake, wasu aikin ƙarfi. Mutum ba ya jefa ƙuri'a sai a rumfar da ya yi rajista, ga shi kuma ana hana zirga-zirgar motoci ranar zaɓe. Wanda ya yi rajista a Ikara yana zaune a Legas, sai ya bar sana'arsa kwanaki, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. A 2023 abin ya daɗa tsanani saboda ƙarancin takardun kuɗi da canjin Naira ya haddasa, ga kuma wahalar man fetur.

Na biyu shi ne ɗage zaɓe. An ɗage na 2015 da mako shida. Na 2019 an ɗage shi cikin dare, 'yan sa'o'i kafin a buɗe rumfuna. Na gwamna a 2023 an matsar da shi daga 11 zuwa 18 ga Maris. Wanda ya yi tafiya sau ɗaya ya koma hannu rabbana, da wuya ya sake ta biyu.

Na uku, makarar ma'aikata da kayan zaɓe. An tsara buɗe rumfuna ƙarfe 8:30 na safe a 2023, amma a wurare da dama na ƙasar sai rana ta take. Manomin rani da ke da ban ruwan tumatir ko attarugu, da uwargida da ta bar girki da yara, ba kowa ke iya jira ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, shi ne yanke ƙauna. Talaka yana ganin ya yi zaɓe sau da yawa, amma taki bai yi sauƙi ba, asibitin ƙauyensu kuma bai sami magani ba. Sai dai fa zaman gida ba ya hukunta kowa. Ɗan siyasa yana ƙidaya rumfar da ta fito ne, kuma idan masu fitowa suka yi kaɗan, sayen ƙuri'a yakan yi arha ga mai kuɗi.

Da safe ake kama fara

Shirin fita zaɓe yana farawa watanni kafin ranar. Rajistar zaɓen 2023 an rufe ta tun ran 31 ga watan Yuli, 2022, karɓar kati kuma ya ƙare ran 5 ga Fabrairu, 2023. Lalle ne duk mai niyyar zaɓe a 2027 ya tabbata katinsa yana hannunsa, kuma ya san rumfarsa tun da wuri, domin ƙarin rumfunan da aka yi a 2021 ya sa wasu sun je tsohon wurinsu ba su ga sunansu ba. Mai cin rani kuma yana da damar neman a mayar da rajistarsa garin da yake zaune idan hukuma ta buɗe ƙofar yin haka.

Wajibi ne Hukumar Zaɓe ta kai kati har mazaɓu, ta kuma isa rumfunan ƙauye a kan lokaci. Hakimai, dagatai da limamai suna da bakin da jama'a ke ji, muddin suka tsaya a kan kiran mutane su fito ba tare da nuna ɗan takara ba. Magidanta kuma su ba iyalinsu izini da halin zuwa rumfa, domin sakamakon 2023 ya nuna cewa ƙuri'ar mata biyu a kowace rumfa ta isa ta sauya gwamna.