A dubi wata kafin a dubi sunan fili

Mai shirin hutun buga golf a ƙasa mai zafi yakan fara da neman filin da ya yi suna, alhali watan da zai je ya fi sunan muhimmanci. Emirates Golf Club na Dubai, wanda aka buɗe a 1988, yana da daɗin wasa daga Nuwamba zuwa Maris, amma a Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, ga shi zagaya ramuka 18 kan ci awa huɗu. Wasu za su ce ai a lokacin ne kuɗin shiga ke sauka. Haka ne, sai dai arha ba ta maganin jiri. Wanda aljihu ya tilasta masa zuwa da zafi, gara ya nemi filin da ake kunna wa fitilu da dare, kamar Faldo na wannan kulob ɗin. Kaka ma ba ta tsira ba: filaye da yawa a irin waɗannan wurare kan sake shuka ciyawar hunturu wajen Oktoba, ƙwallo ta riƙa tafiyar hawainiya a kusa da rami, don haka a tambayi ranakun gyara kafin a biya kuɗi.