Aron Kalma Ba Talaucin Harshe Ba Ne

Baƙinmu daga Kano sukan yi murmushi in sun ji mu a Zongon Kwatano muna cewa "lekwal" ko "zem". Wai Hausarmu ta gurɓace. Yaranmu har sun fara jin nauyin buɗe baki a gabansu, wannan kuwa shi ya dame mu.

To, Turancin da ake wa kallon ɗan gata ma da aro ya yi ƙiba. Amurkawa sun ji 'yan Meksiko na cewa "vamos", wato mu tafi, suka mayar da ita "vamoose", a arce. "Juzgado", kotu ke nan a Sifaniyanci, ta zama "hoosegow" a bakinsu, ta baro zauren shari'a ta faɗa gidan yari. "Savvy", mai wayo, 'yar'uwar "sabi" ce da muke ji a iyakar Seme; tushensu ɗaya, kalmar sani a harshen Fotugal da Sifaniya.

"Zem" ɗin da ke kai mu Kajehun guntun "zemijan" ne na Fon: ɗauke ni da sauri. Ma'anarta sarai take. Su kuma masu murmushin, "mota" da "tebur" suke faɗa kullum, ba mu ji sun nemi gafarar kowa ba.